Akwatin Sanyin Yaya

Akwai wani mai gyaran rediyo da wayoyi da 'yan layinsu suke kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, hannunsa ne, kuma tsakani da Allah hannun ya cancanta. Aibinsa guda ne: ba ya iya buɗe baki ya ce aiki bai gamu ba tukuna. Gara ya miƙa maka kayanka da saura ya ce an gama, da a gan shi yana sosa ƙeya. Irin mutanen nan suna ba ni haushi, domin yawancinsu ba mugaye ba ne, shi ya sa ba a gudun su.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta raine shi da keken ɗinkinta. Ita kaɗai ce ba ta kiran sa Injiniya. Auta take ce masa, ko a gaban matarsa. Ciwon suga ya daɗe da kama ta, kullum sai ta yi wa kanta allurar insulin, maganin da zafi ke kashewa ba tare da ido ya gane ba. Wutar unguwar ba ta da alkawari, don haka a firjin mai kemis na bakin titi take ajiye shi, ta taka safe ta taka yamma. Ga ciwon ya taɓa mata ƙafafu da yatsu, har allurar ɗinki takan soke ta ba ta sani ba sai ta ga jini a yadi.

A lokacin Injiniya ya haukace a kan wani ɗan abu da ya ciro daga matacciyar na'urar sanyaya ruwan sha. Farin falle ne kamar guntun tayil, faɗinsa bai fi kwalin ashana ba, da waya ja da baƙa a jikinsa. In ka ba shi wuta, fuska ɗaya ta yi sanyi ƙalau, ɗayar ta yi zafi. Ba ƙirƙirar sanyi yake yi ba, kwashe zafi yake daga nan ya zuba can. Dole a manna wa fuskar zafin ƙarfe mai haƙora da fanka su riƙa fitar da shi. In ba haka ba zafin ya taru ya dawo inda aka kore shi.

Ya sanyaya kofin ruwa da shi, ya sanyaya wayar da ta ɗau zafi, har ya daskarar da ɗigon ruwa a gaban masu zaman shago.

"Injiniya, saura ka haɗa mana wanda zai sanyaya zuciyar uwar 'ya'yana," in ji mai askin da ke maƙwabtaka da shi.

"Wannan sai batirin tirela," in ji Injiniya, aka yi ta dariya.

A cikin wannan farin jinin ne ya yi wa Yaya alkawarin akwatin sanyi nata na kanta, mai aiki da batir da sola, ba ruwanta da ɗauke wuta. Niyyar mai kyau ce. Ya samo ƙaramar kula, ya huda bayanta ya dasa fallen, ya sa ƙarfe da fanka. A gaba ya sa ɗan gilashi mai nuna lamba da koriyar wuta. Gilashin yana iya nuna abu biyu: ko ainihin sanyin da ke cikin akwatin, ko lambar da mutum ya saita yana fatan a kai.

Maganin Yaya yana son sanyin digiri biyu zuwa takwas. Da safe akwatin yakan yi ƙoƙari, amma da rana ta take sai lambar ta haura sha takwas ta yi zamanta. Injiniya ya san dalili. Ƙarfen ya yi ƙanƙanta, fankar ba ta da ƙarfi, bangon kular ba kauri. Aiki ne na haƙuri da sake gwaji. Amma ya riga ya cika wa 'yan layi baki, Yaya kuma ta riga ta gaya wa mai kemis ta kusa daina damun sa. Sai ya sa ɗan sukudireba, ya juya gilashin ya koma nuna lambar fata. Huɗu ta fito, koriya shar. Ya ce wa kansa zai gyara daga baya.

Ranar da suka je kwaso maganin, mai kemis ya dubi akwatin ya ce, "Ka jefa ma'aunin zafi daban a ciki ya yini tukuna, kafin a zuba na watanni."

"Malam, kai ka san ƙwaya, ni na san wuta," in ji Injiniya. "Ga lamba nan tana kallon ka."

Yaya ta kwashe maganinta kaf ta zuba. Ta aje akwatin a kusurwar ɗakin ɗinkinta, ƙarƙashin rufin kwano. Don murna ta zauna ta ɗinka masa riga mai kauri da auduga a ciki, ta rufe shi ruf har ƙasa, ta bar taga ɗaya daidai gilashin.

Da Injiniya ya zo, nan take ya ga matsalar. Rigar ta toshe bakin fankar gaba ɗaya.

"Yaya, wannan mayafin, anya? Abin yana son iska."

"Ni ma na yi tunanin haka, Auta," ta ce tana murmushi. "Shi ya sa na zuba masa ido. Tun da na rufe shi lambar ko gezau ba ta yi ba. Ka gani? Hannunka ba wasa ba."

Magana ɗaya ta rage masa a nan, ita ce gaskiya. Ya dubi fuskarta, ya ga irin kallon da take masa tun yana yaro in ya kawo sakamakon makaranta. Ya ce, "Haka ne kam." Ya sha ruwa ya tafi.

Daga nan ɗakin ya fara canjawa. Da tsakar rana, lokacin da layin ke yin tsit, akwatin yakan fara wani irin nishi a ƙarƙashin rigarsa, ya ja ya saki, ya ja ya saki. Ruwa ya riƙa tsattsafowa daga gindinsa yana bin siminti har ƙafar keken ɗinki. Bangon da ke bayansa ya yi wani baƙin tabo mai tafiya sama. Kyanwar gidan, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin ba, ta maida kan akwatin wurin kwananta, in an kore ta sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon sa.

Yaya kuwa ta fara bushewa. Ta sha ruwa kamar ba gobe, ƙishin bai tafi ba. Wuyanta ya zurma, zaren da take zurawa a allura ya fara zame mata biyu. Ta ƙara yawan allurar bisa shawarar asibiti, abin bai motsa ba. Takan ɗauko kwalbar da yatsun da ba sa bambance ɗumi da sanyi, ta dubi koriyar lambar, hankalinta ya kwanta.

Matar Injiniya ta je duba Yaya ta dawo.

"Ni ɗakin nan ya fara ba ni tsoro," ta ce wa mijinta. "Abin yana gumi, Yaya tana bushewa. Wallahi kamar ruwan jikinta yake sha. Kuma ka taɓa ganin lambar da ba ta ko ƙyaftawa?"

"Ku mata da camfi," ya ce, bai ɗago daga rediyon da yake kwancewa ba. Babban ƙarfen da ya saya don gyaran yana nan ƙarƙashin teburinsa, cikin ledarsa. Kullum yakan ce gobe, domin bai san da bakin da zai karɓo akwatin da kowa ya san ba shi da matsala ba.

Wata rana da azahar wata mai kawo ɗinki ta tarar da Yaya kwance kusa da keken, tana jan numfashi da ƙarfi, ba ta gane kowa. Aka kwashe ta zuwa asibiti. Likita ya ce suga ya haura kamar na wanda bai taɓa yin allura ba, ya ce a kawo maganin da take amfani da shi.

Injiniya ya koma gidan shi kaɗai. Rana tana dukan kwano, ɗakin shiru sai nishin nan. Koriyar huɗu tana kallon sa ta tagar rigar. Ya ɗage mayafin, wani huci ya bugi fuskarsa. Ƙarfen baya ya ƙona masa yatsa. Ya buɗe murfin ya zura hannu, ya ji ɗumi mai laima kamar cikin bakin dabba. Kwalaben suna jere tsaf yadda ta tsara su, masu tsabta, ba abin da ya nuna a jikinsu. Ya fizge wayar da ke auna wa gilashin sanyi daga cikin akwatin ya riƙe ta a hannu. Lambar ba ta motsa ba.

Da ya koma asibitin, Yaya ta ɗan farfaɗo. Ya durƙusa a gefen gadon.

"Yaya, akwai abin da zan gaya miki game da akwatin."

"Kar ka bari su ɗora maka laifi, Auta," ta ce, muryarta da kyar take fita. "Na gaya wa nas ɗin. Na ce ƙanena ne ya haɗa, bai taɓa tashi daga huɗu ba. Jikina ne ya gaji."

Ya buɗe baki, ta lumshe ido. Ba ta sake buɗe su ba. Kafin la'asar ta washegari ta cika.

Ana zaman gaisuwa a ƙofar gida, wani direba daga layin baya ya matso kusa da shi yana murza hula a hannu.

"Injiniya, ka gafarce ni, na san ba lokacinsa ba ne. 'Yata ma allurar nan take yi. Marigayiya ta sha yaba mana akwatinta. In ba za ka damu ba, ka ba mu shi, mu riƙa yi mata addu'a."

Mutane suka gyaɗa kai, wani ya ce ai sadaka ce mai gudana. Injiniya ya dubi direban. Sannan ya ce, da muryar da kowa ya ji, "Kar ka sa maganin 'yarka a ciki. Bai taɓa kai huɗu ba. Ni na sa shi ya riƙa faɗin haka." Mai aski, da ke zaune kusa da shi, ya sunkuyar da kai ya ɗan ja tabarmarsa gefe.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar wani aiki, musamman wanda rai ya rataya a kansa, kada ya ji kunyar cewa bai gamu ba tukuna. Gwaji ba laifi ba ne, kasawa a gwaji ma ba laifi ba ce. Laifin shi ne gyara abin da ido ke gani a bar ainihin matsalar, domin ƙaryar da ka dasa a cikin aikinka za ta ci gaba da magana ko ba ka nan, kuma wanda ya fi yarda da kai shi za ta fara cutarwa. Faɗi gaskiya tun tana iya ceton wani.