Randar Ƙofar Majami'a

Cikin bayin Allah da Ubangiji ya yi wa baiwa a Agadas akwai malaminmu, dattijon ikilisiya, ma'abocin ilimi da tawali'u, wanda Littafi Mai Tsarki ya zauna a ƙirjinsa har ana ganinsa cikin halinsa. Shi ya girke randa a ƙofar ƙaramar majami'armu, ya ce kowa ya sha, Kirista ko Musulmi, ya kuma raba wa matan ikilisiya ranakun cika ta.

Wata bazara, ranar da aikin ya faɗo kan Rahila, labari ya zo cewa motar da ta ɗauko ɗanta Tanko daga haƙar zinariya a Tchibarakaten ta taso tuntuni, ba ta iso ba, ba kuma wanda ya gan ta. Rahila ta zube gaban malam tana kuka, ta ce, "Baba, ɗana na can ƙishi zai kashe shi, ni kuwa in shayar da 'ya'yan wasu?"

Malam ya yi addu'a tare da ita cikin sunan Yesu Almasihu, sannan ya ce, "'Yata, cika randar. Yau ranarki ce."

Ta cika, amma Allah ya sani kowane tulu da ƙunƙuni ya shiga. Tana cikin haka sai wani direba Musulmi mai suna Nasser, mai kai kaya wajen masu zinariya, ya tsaya shan ruwa. Malam ya karɓi wani tsohon bido, wato jarkar ruwa, marar murfi a hannunsa, ya sa Rahila ta cika shi, ita kuwa ta yagi bakin zanenta ta toshe.

Malam ya ce masa, "Wannan ruwan ba naka ba ne. In ka kai tsohuwar hanyar da kuka daina bi, ka bi ta."

Nasser ya ce, "Haba Malam, ai rairayi ya cinye ta!" Amma ya ji nauyin furfura, ya bi.

Can ya tarar da Tanko da abokan tafiyarsa kwance ƙarƙashin matacciyar mota, leɓuna sun tsage, murya ta ɗauke. Har gobe Nasser yana rantsuwa cewa bidon nan ya zagaya kowa, ya sake zagayawa, bai ƙare ba.

Ranar da ya sauke Tanko a ƙofar majami'a, Rahila ta zauna ƙasa tana kuka tana dariya. Tanko ya miƙa mata bidon, ya ce, "Inna, tun ban iya buɗe baki ba na gane zanenki." Ta rungume shi, ta juye sauran ruwan cikin randa. Malam dai bai ce komai ba sai, "Wanda ya ce mu shayar, shi ya kai."

Tsarki ya tabbata ga Ubangiji mai jin kukan uwa. Ya ƙara wa malaminmu daraja, ya ba mu albarkacin bangaskiyarsa, ya sa mu cika tamu randar ko da zuciya na ƙunƙuni. Amin.