Kanar Attahiru da Wandon Mahaifinsa

Attahiru ɗan farin Malam Sambo ne na Kebbe, kuma ba a yi likita mai kyan hannu kamarsa a ƙasar nan tamu ba. Aibinsa ɗaya ne, bai iya roƙo ba, sai umurni.

Tun da aka yaye shi aka miƙa shi Tambuwal wurin ƙanwar ubansa, Goggo Tambaya, don a gidansu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya zauna da shi tabarma ɗaya. Yaro ya yi karatun likita, ya shiga soja, ya ƙware a aikin mafitsara. A fagen daga ya ɗinke sojojin da harsashi ya fasa wa mara, ga su nan yau da 'ya'yansu. Har ya kai kanar. Amma a bariki ya saba, in ya ce “Cire wando!” kafin ya rufe baki an cire.

Ana nan sai fitsarin Malam Sambo ya tsaya. Tsoho ya ɓoye har mara ta kumbura kamar tulu. Goggo ta zo Kebbe dubiya, ta kira Attahiru a waya.

“Ubanka ba shi lafiya, ciwon aikinka ne. Aiko muna wani likita daga Sakkwato, baƙo, wanda bai san mu ba.”

“Goggo, duk ni na koya musu. In bar yaro ya taɓa Baffa ina raye?”

“Kai aɗ ɗan fari, marar kunyar wofi! Mutuwa ta fi mai sauƙi da ka gane shi tsirara.”

“Ciwo bai san kunya ba,” in ji shi, ya kashe waya.

Ya iso da kakinsa da sojoji biyu. Zaure cike da masu dubiya, har da surukan gidan. Nan a gabansu ya tsaya kan tsoho.

“Baffa, yaushe rabonka da fitsari? Yana ɗiga a wando?”

Malam Sambo ya juya fuska bango, ya ce, “Ku ce wa wancan ya fita.”

Attahiru ya dubi marar, ya san in aka jima ƙoda za ta lalace. A nan kam ya yi gaskiya. Sai dai ko sallamar mutane bai tsaya yi ba.

“Kofur, riƙe mini kafaɗunsa. Kai, ƙafafu.”

“Yallaɓai, ko a sa labule?”

“Na tambaye ka?”

Suka danne dattijon da bai taɓa cire hula gaban surukai ba. Masu dubiya suka rinƙa rige-rigen ƙofa, suna salati. Ɗa ya kwance wa ubansa mazagi, ya zura robar fitsari. Fitsari ya zubo, ciwo ya sauka. Attahiru ya wanke hannu yana murmushi.

“Kin gani, Goggo? Jibi in kai shi a yi aiki, shi ke nan.”

Goggo ta ce, “Na gani. Kebbe duk ta gani.”

Da gari ya waye ba a ga tsoho ba. Sai robar a ƙasa, ya fizge ta da hannunsa, jini har bakin ƙofa. Ya bi daji zuwa wurin shanunsa. Attahiru ya baza sojoji da mota, amma duk makiyayin da aka tambaya sai ya ce bai gani ba, don labari ya riga su isa. Goggo kaɗai aka kai wurinsa a ɓoye. Ta same shi a bukka, jiki ya yi zafi, mara ta sake kumbura. Ta roƙe shi ya yarda a kawo baƙon likita. Ya ce ai an gama.

Da aka kawo gawa, Attahiru ya naɗe hannun riga zai shiga wurin wanka. Goggo ta tare ƙofa da sandarta.

“Ya bar wasiyya. Ya ce kar ka shiga, abin da ka gani ya ishe ka.”

Kanar guda ya tsaya a waje tare da baƙi, yana jin ƙarar ruwa.

To, ku masu ilimi, ku ji. Iya aiki daban, iya mutane daban. Marar lafiya ba jiki kaɗai ya kawo maka ba, har da mutuncinsa, kuma wani ya fi son mutuncin da ransa. In an ce ka janye a sa wani, janye, ko da ka fi shi hannu. Maganin da aka ɗura da wulakanci ba ya zama a ciki.