Kwanon da Aka Ware

Akwai wani manomi, dattijo a ikilisiyar ƙauyensu, wanda aka sani da son alheri. Gab da faɗuwar damina, wani mutumin ƙauyen ya dawo daga gidan yari, inda aka ɗaure shi saboda satar awaki. Ba shi da gona, matarsa ma ta koma gidan iyayenta. Manomin ya ji tausayinsa, ya ba shi ɗaki, ya ba shi fartanya.

Da lokacin noma ya yi, manomin ya kira gayya. Mutumin nan ya fi kowa ƙwazo, gama yana so a manta da abin da ya wuce. Da rana ta take aka kawo tuwo gindin ɗorawa, maza suka zazzauna, suna ci tare a kwano ɗaya kamar yadda aka saba. Amma nasa kwanon aka ajiye can gefe. Ba wanda ya zage shi. Tuwon ma an cika masa, har da nama. Sai dai in ya matso, hira ta mutu, kowa ya shafa aljihunsa. Manomin ya gani, ya kau da kai, don ba ya son surutun mutane. Haka aka yi a kowace gayya har damina ta yi nisa.

Wata ranar kasuwa tsofaffin abokan satarsa suka hango shi, suna cin abinci. Suka ce, "Matso mana, ga wuri." Ya matsa. Kafin a yanke gero, aka sake kama shi da ragon wani. Mutane suka ce ai dama mai hali ba ya fasa halinsa.

Manomin ya tafi gidan yari cike da fushi, ya jera masa duk alherin da ya yi masa. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, laifina ne, na kunyata ka. Ka ciyar da ni ƙwarai. Amma hannunka bai taɓa shiga kwanona ba."

Kunya ta rufe manomin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ma'anar wannan misali ita ce: gayyar nan ikilisiya ce, kwanon kuwa zumunci ne. Sata zunubi ce, wanda ya yi ta zai amsa nasa. Amma mu fa, 'yan'uwa? Muna yi wa ɗaurarru addu'a da babbar murya, in sun fito kuma mu bar musu benci guda su kaɗai. Abin kunya ne a ce ɓarayi sun fi mu iya matsa wa mutum wuri. Ubangijinmu bai aika wa masu zunubi abinci daga nesa ba, zama ya yi ya ci tare da su. Kowannenmu ya san wanda ya ware wa kwano. Yau ka wanke hannu, ka je ka zauna kusa da shi.