Ɗaki Ɗaya, Angwaye Uku

Ranar Lahadin da ta wuce na dawo daga neman ɗaki raina a ɓace. Dillali ya karɓe mini kuɗin gani, ya nuna mini wani akurki da ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta yi ƙorafi. Na zauna a rumfar mai shayi ina ta bambami. Kawu Sidi, tsohon direban da ya shekara talatin a Abuja, ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Ɗan boko, ajiye digirin nan a gefe. Ga shari'a, in kun isa ku yanke." Mu tara ne a wurin, muka watse ba mu yanke ba. Ni kam ta hana ni sakat, shi ya sa na rubuto muku ita yadda ya faɗa.

Samari ne guda uku, Jazuli da Tasi'u da Zayyanu. Tare suka yi jami'a, tare suka yi bautar ƙasa, Allah ya ba kowa ɗan aikinsa a cikin Abuja. Jazuli na koyarwa a makarantar kuɗi, Tasi'u na aiki a kantin magani, Zayyanu na ja wa ofisoshi wayar intanet. Amma kwana sai can wajen birnin a Masaka, a ɗaki ɗaya mai katifa biyu. Kullum sallar asuba a tasha, sa'a biyu a cunkoson Mararaba, rabin albashi ya tafi a mota. Kuma kowannensu an yi masa baiko a garinsu, surukai na jiran kalma ɗaya: muhalli.

Abin da ke ƙona rai shi ne, a hanyarsu ta zuwa aiki suna wuce layi-layi na benaye da babu kowa a ciki sai maigadi da ƙadangaru. Mai gida ya gwammace fenti ya ɓare da ya rage sisi. Kai kuwa da kake yi wa birnin bauta, a ce maka shekara biyu za ka biya a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga na lauyan da ba za ka taɓa gani ba, ga na ajiya wai ko za ka fasa wani abu. Suka ce to, su haɗa ƙarfi su kama ɗaki da falo a Kubwa su zauna su uku, abin da ya ragu na mota su tara, aure ya biyo baya.

Jazuli ne ya samo gidan. Wata bakwai yana yawo bayan an tashi makaranta, dillalai na yagar sa suna nuna masa gidajen da tuni an kama. Da ya gaji sai ya yi wani tunani: wane ne ke fara sanin mutum zai tashi? 'Yan ga-ruwa. Gidan da ya rage sayen jarka, ko matar gidan ta fara sayar da randa da bokiti, to tafiya ta zo. Ya bi su lungu-lungu, yana taya su tura kura in sun zo hawa, yana rubuta wa wasu wasiƙa, har ya zama nasu. Ran nan wani daga cikinsu ya raɗa masa cewa an yi wa wani ma'aikaci canjin wurin aiki, zai fita ƙarshen wata. Jazuli ya isa wurin mai kula da gidan tun kafin dillali ko ɗaya ya ji ƙamshi. Ba don shi ba, da gidan ya shiga kasuwa an ninka kuɗinsa.

Tasi'u ne ya kawo kuɗin. Mai kula da gida ya ba su kwana goma, abin da ke hannunsu su uku kuwa bai kai na wata biyar ba. Tasi'u ya hau mota ya tafi ƙauyensu ya sayar da kasonsa na gonar gado, wadda kakansa ya sare da hannunsa. Baffansa ya ce masa a gaban mutane, "Ka sayar da ƙasar da ke ciyar da mutum goma sha biyu don ka ari bangon wani na shekara biyu? Kada ka ƙara gaishe ni." Har yau bai amsa gaisuwarsa ba. Tasi'u ya dawo ya zube kuɗin, aka ba su rasit da makulli, suka saki ɗakin Masaka. Ba don shi ba, da wa'adin ya wuce gidan ya tafi.

Zayyanu ne ya riƙe gidan. Kwana uku da biya, dillalai suka ji labari, suka kawo wa mai kula da gida wani mutum mai ƙari. Sai ga mai kula da gidan ya zo yana sosa ƙeya, wai kasuwa ta tashi, su karɓi kuɗinsu. Ainihin mai gidan, Alhaji Ɗanjummai, yana Umra, wayarsa ba ta shiga. Zayyanu ya san halin garin: wanda ke cikin ɗaki shi ke da ɗaki, in ka fita ka tarar da sabon kwaɗo. Ya ce wa 'yan'uwansa su je aiki, shi ya zauna. Aka yanke wuta, aka hana 'yan ga-ruwa shigowa, aka ɓalle taga. Rana ta shida aka turo ƙarti biyu da rana tsaka, suka karya masa hannu, ya rungume ƙarfen ƙofa da ɗayan bai saki ba har maƙwabta suka fito. Kwana goma sha ɗaya ya yi bai taka waje ba. Wurin aikinsa suka sallame shi ta saƙon waya. Ba don shi ba, da Alhaji ya dawo ya tarar da wani a ciki.

Da Alhaji ya sauka ya ji abin da aka yi, ya kori mai kula da gidan, ya biya kuɗin ɗori. Samarin suka fara hamdala. Sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ina iyalin?"

Suka ce ba a ɗaura ba tukuna.

"Au, gwagware ne? Duk ku ukun? Yarana, ni ba na ba gwauro haya. Akwai matan mutane a gidan nan. Wannan ɓarawon ya sani, kuɗi ne ya rufe masa baki. Amma tunda an zubar da jini, na ba ku wata biyu. Ɗaya ya kawo mata ya zauna, biyu su kama gabansu. In ba haka ba, ku zo ku karɓi kuɗinku."

Kuɗin kuwa ko rabin irin gidan ba za su kama ba yanzu, don dillalai sun riga sun ɗaga unguwar.

A nan suka yi kuskuren da sai ɗan mutunci ke yin irinsa. Babu wanda ya iya buɗe baki ya ce "ni." Kunya ta hana. Mako uku suna ci a kwano ɗaya, ana hirar ƙwallo, ba a taɓa maganar ba. Amma kowa a ransa ya gama lissafi cewa sauran biyun za su yi masa kara, don ai sun ga abin da ya yi. Kowa ya zagaya bayan gida ya buga waya garinsu ya ce an samu muhalli, a sa rana.

Ranar wata Asabar da hantsi, sai ga mota ta sauke mata huɗu, dangin budurwar Jazuli, sun zo ganin ɗaki don a san girman gado da kujerun da za a yi. Suna cikin auna falo, sai ga dangin ta Tasi'u. Kafin a gama gaisawa, ga na Zayyanu da nasu tef ɗin awo.

Gwaggon budurwar Jazuli ta ce, "Sannunku, Hajiya. 'Yan taya murna ne?"

"Murnar wa? Ɗakin 'yarmu muka zo aunawa. Ɗaga ƙafarki, kin taka mini tef."

Ta ukun ta ajiye jakarta ta ce, "Ikon Allah! Gida ne ko tasha? Ku kira mini masu gemun nan."

Aka kira su, suka tsaya kai a sunkuye kamar an kama su da akuyar maƙwabta. Matan suka haɗa baki a kan magana ɗaya: ba a wasa da 'ya'yan mutane. Kafin la'asar a faɗa musu mai ɗakin, sauran biyun kuma a mayar musu da kayan baikonsu, don kowace yarinya ta shekara fiye da biyu tana jira.

Alhaji Ɗanjummai ya ce shi ba ruwansa, suna ɗaya yake so a takarda.

Ga Jazuli, wanda da bai bi 'yan ga-ruwa ba da babu gidan da za a yi rigima a kai, amma ko kwabo na gado bai rasa ba. Ga Tasi'u, wanda ba shi da gonar da zai koma, ba shi da baffan da zai karɓe shi, amma kuɗi abu ne da a hankali za a iya biyan sa. Ga Zayyanu da hannu a ɗaure, ba aiki, wanda in ya fita ba shi da abin kama ko shago, in kuma ya zauna ba a san da me zai ciyar da amarya ba.

Na san za ku ce laifin birnin ne da ya mai da ɗaki da falo abin da abokai za su rabu a kansa. Ni ma haka na ce, da ƙarfi ma. Amma matan na zaune a falo, la'asar ta kusa, zagin Abuja kuma ba zai sa suna a takarda ba.

To, jama'a, a cikin su ukun nan, wa za a miƙa wa makulli?