Mutumin da Ya Sare Lemonsa Mai Zaƙi

Wani a cikinmu ya lalata bakinsa da hannunsa, yanzu kuma yana yawo gida gida yana cewa abincin gidan Ubangiji ne ya lalace. Ba zan kira suna ba. Ya san kansa. Ku dai saurara.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. A tsakiyar lambun akwai itacen lemo guda ɗaya, babu irinsa a garin. Mahaifinsa ne ya yi wa itacen aure, wato ya yanko reshen lemo mai zaƙi ya ɗaura a kan gindin lemon tsami har suka haɗe, gama gindin tsami ya fi jure wahala. Amma kowane mai lambu ya sani, in aka yi sake, gindin yakan fitar da nasa rassa, su danne na zaƙin, itacen ya koma tsami. Wannan tsoro kuwa bai taɓa barin mutumin nan ba.

To, yana da wata ɗabi'a. Kowace safiya sai ya ratsa ta lambunan maƙwabta, da ɗan gishiri a aljihu. Ya tsinki ɗanyen lemo, ya gatsa, ya yamutse fuska, ya ce, "Na Zakka tsami ne." Ya yi gaba, ya tsinki wani. "Na Barnaba ko akuya ba za ta ci ba." Ba yunwa ke sa shi ba, daɗin faɗin ne kawai.

Sannu a hankali haƙoransa suka mutu. Dasashi ya kumbura, gefen leɓe ya tsage, harshe ya yi ja wur. In ya sha ruwan randa sai ya ji shi har cikin kai. Duk da haka bai fasa ba.

Da lemonsa ya nuna, ya je ya tsinki ɗaya, ya ɓare, ya sa a baki. Sai ya ji kamar an zuba masa garwashi. Ya tsinki na biyu a wani reshe, haka. Na uku ma haka. Ya durƙusa ya duba gindin, bai ga wani tsiro ba, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya cika hularsa da lemo ya nufi gida.

Ya ce wa matarsa, "Dinatu, ɗanɗana wannan, ki faɗa mini gaskiya."

Ta sha, ta ce, "Zuma ne, Maigida."

"Kada ki lallaɓa ni."

"In lallaɓa ka a kan me? Je ka buɗe bakinka a madubi, kamar naman da mahauci ya rataye. Ko madara na ba ka yanzu cewa za ka yi na zuba barkono. Ka bar tsami kwana bakwai, ka sha kunu, sa'an nan ka yanke hukunci."

"Shekara talatin ina ɗanɗana lemo a garin nan, ke za ki koya mini?"

Ta ce, "Ai shekara talatin ɗin ce ta kai ka nan."

Bai ji ba. Abin da ke cin ransa shi ne, in itacen ya juya, Zakka zai ji, Barnaba zai ji, duk waɗanda ya yi wa dariya za su rama. Gara itacen ya faɗi kafin gari ya sani. Ya ɗauki gatari ya koma lambu.

Zakka ya hango shi ta kan shinge, ya ce, "Maƙwabci, lafiya? Itacen Baba ne fa. Miƙo ɗaya in ɗanɗana tukuna."

Ya ce, "Don ka kai labari kasuwa? Kula da naka."

Ya sare itacen daga ƙasa, ya haƙa rami ya binne 'ya'yan duka.

Baƙin ciki ya hana shi fita. Kwana bakwai yana kwance a gida, ba ya shan komai sai kunu, bakinsa kuwa ya warke. Ran nan Dinatu ta ɗauko lemo ɗaya da ya rage cikin waɗanda ya kawo a hula, ta ɓare, ta ajiye a gabansa. Ya sa a baki. Zaƙin ya ratsa shi har wuya.

Ya tashi da gudu zuwa lambu, ko za a iya ceton wani abu. Rassan sun bushe. Da damina ta zo kututturen ya tsiro, kore shar, amma dā ma ƙasa da wurin auren ya yi saran. Abin da ya fito tsami ne, da ƙaya.

Ma'anar wannan misali ita ce: itacen nan shi ne alherin da Allah ya dasa maka, Maganarsa da 'yan'uwan da ke faɗa maka gaskiya. Ɗanyen lemon maƙwabta shi ne laifin mutane da kake bi kana tsinka daga Litinin zuwa Asabar, wance ta yi kaza, wane bai iya addu'a ba, ɗan wane ya lalace. Kana ci, kana jin daɗi, ba ka san zuciyarka ce ke salewa ba. Ranar Lahadi a ba ka kalma mai zaƙi, ta taɓa gyambon, sai ka tashi ka ce Fasto da kai yake, mawaƙa sun yi sanyi, ikkilisiya ta lalace. Daga nan sai gatari. Ka daina zuwa, ka daina gaisuwa, ka yanke mutumin da ya fi kowa ƙaunarka. Ina jin tsoro ƙwarai, gama na ga waɗanda suka warke bayan sun riga sun sare.

Maganin ba wuya. Kwana bakwai kada laifin kowa ya shiga bakinka, ka tuba, sa'an nan ka dawo ka ɗanɗana.

In kuwa ka ce bakinka lafiya lau yake, to, ka lissafa sunayen da ka tauna tun daga ƙofar gidanka zuwa wannan benci yau da safe, sa'an nan ka miƙe a gaban jama'a ka ce ƙarya na yi.