Manomin da Gara Ta Zata Kututture Ne

Akwai wani mutum, manomi, wanda a kwanakin ƙarfinsa in ya sunkuya da garma ba ya miƙewa sai ya ga ƙarshen gona. Shi ya faɗa, mu kuwa ba ma wurin, sai mu yarda. Ana nan sai ciwon kwankwaso ya sauka masa. Aka sha saiwa, aka sha ƙwaya, aka je asibiti. Likita ya ce, "Baba, wannan ciwo zama ya zo yi. Sai dai ka riƙa motsa jiki kaɗan-kaɗan kullum, kada gaɓoɓi su sandare."

Mutumin bai ji "kaɗan-kaɗan" ɗin ba. Ran da ya tashi da sauƙi, ya saɓa garma ya yi kunya arba'in don maƙwabta su gani. Suka kuwa gani, gama su suka turo shi gida a amalanke. Daga ran nan ya sa aka ajiye masa kujera a gindin tsamiyar gidansa, ya ce shi da motsi har abada.

Garin nan kuwa garin gara ne. Saboda haka kowace safiya matarsa takan bi gida tana ɗaga duk abin da ke ƙasa, tabarma, turmi, buhun dawa, har takalmin zuwa sujada, ta kakkaɓe ta sauya musu wuri. Abu ɗaya ne ya gagare ta ɗagawa.

"Maigida, taka zuwa rumbu mana ka dawo. Taku goma ne."

"Ni? In yi tatata a gaban kaji? In ba noma ba, a bar ni."

"To, sannu da aiki," in ji ta.

Wata rana ta tafi taron zumuntar mata a ƙauyen gaba. Da rana ta take, gidan ya yi tsit. Kaji suka yi shiru, ko ganyen tsamiya bai kaɗa ba. Sai ya ji wani ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana tankaɗe a nesa. Ya kai hannu ga sandarsa da ke jingine, sai ta ruguje a tafinsa. Jar ƙasa ce zalla, babu itace a ciki. Ya dubi ƙafafunsa, bai ga yatsunsa ba. Ƙasa mai danshi ta rufe su har idon sawu, tana hawan ƙwauri a hankali, kamar ana sa masa safa.

Abin tsoron shi ne, da daɗi. Sanyi ya ratsa shi, ciwon ya lafa, idonsa ya yi nauyi.

Sai ga wata 'yar siririyar murya daga ƙarƙashin kujera, kamar bakuna dubu suna magana tare: "Yi zamanka, Baba. Kada ka wahalar da kanka."

"Su wane ne?"

"Magina ne. Wata biyu muna kewaya ka. Mu ba ma taɓa abin da ke motsi. Mun ga ana ɗaga turmi, ana ɗaga tabarma, kai ba a ɗaga ka. Muka ce, ashe kututture ne."

"Ni mutum ne!"

"Haka na hanyar rafi ya ce."

Ya tuna surin nan na hanyar rafi, mai kafaɗu biyu da sunkuyayyen kai, wanda masu ɗiban ruwa ke ratse wa.

Ya yunƙura zai miƙe gaba ɗaya, kwankwaso ya ce bai san zancen ba. Ya yi kira, ba kowa. Ƙasa ta kai gwiwa. Abin da ya rage masa a duniya babban yatsan ƙafarsa ne, sai ya motsa shi. Ƙasar ta tsage kaɗan. Ya motsa na kusa da shi. Ya juya idon sawu, hagu, dama.

"Af," in ji muryar, "da ransa." Ƙas-ƙas ɗin ya ja da baya, amma bai yi nisa ba. In ya tsaya hutawa, sai ya ji ya matso.

Da la'asar matar ta dawo ta tarar da kujera ta zube, maigida kuwa yana dafe da jikin rumbu, gumi sharkaf.

"Maigida! Wa ya kawo ka nan?"

"Ke, taku goma kika ce. Sha huɗu ne."

Ciwon bai bar shi ba, kada in yi muku ƙarya a ɗakin Ubangiji. Amma safe da yamma yakan taka zuwa rumbu. Ran da jiki ya ƙi, ya je rabi ya dawo. Ran da ya ƙi sam, ya juya ƙafafu a zaune.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Garmar nan girman kai ne, mai cewa in za ka yi, yi kamar dā, har ya kwantar da kai. Garar kuwa ita ce muryar nan mai taushi da ke cewa tun da ba ka iya kamar dā, kada ka yi komai. Ba ta zo da faɗa, da lallashi take binne mutum. Jikin da ke gare ka yau, mai ciwon gwiwa ko baya, shi ne amanar da Ubangiji ya ba ka, ba na shekara ashirin da suka wuce ba. Ka tambayi ma'aikacin lafiya abin da ya dace da kai, ka yi ɗan abin nan kullum ba kunya. Haka ma addu'a take: gajeriya kowace safiya ta fi doguwar da ake jira a sami ƙarfin yi.

To, ku na bencin baya da ba ku gyara zama ba tun da muka fara, ku ɗan motsa yatsun ƙafa. Ban ce na ji wani ƙas-ƙas a wajenku ba. Ban kuma ce ban ji ba. Mu tashi, a hankali, mu yi addu'a.