Igiyar Kwaɗo da Ganyen Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo, muna saurare.

Kunkuru yakan ƙetare tafki cikin ƙwarya, ya kafa ganyen ayaba iska na tura shi. Kwaɗo kuwa, sarkin rawar kai, ya ɗaura igiya a ƙafar Shirwa, tana jan sa bisa sakaina.

Ran nan Kunkuru ya hangi igiyar ta nufo wuyansa. Sai ya ɗaga murya.

"Malam Kwaɗo, dubi gabanka!"

"Shirwa nake kallo. Kai ka kauce."

"Da me? Iska ke tuƙa ni."

Kunkuru ya cusa kai cikin ɓawo. Igiya ta harɗe ganyen, ƙwarya ta kife. Da Shirwa ta ji nauyi sai ta dubo ƙasa, ta ga ashe abincinta take ja tun safe.

Kunkuru kaɗai ya kai gaɓa.

Ƙurunƙus, kan kusu ya nutse a tafki.